Kada Ka Fasa Jan Yumɓu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga mahaifinka Nomau, tsohon sarkin magina rijiya, zuwa ga ɗana Isuhu wanda ya gaje ni da raina, a sabuwar tunga arewa da Attantane. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da mutanen da ke hannunka. Allah Ya sa takardar nan ta same ka da ƙafafunka a doron ƙasa, Ya tsare ka daga abin da ke sama da abin da ke ƙarƙashi.

Malam Idi na masallacinmu ne ke rubuta mini, tunda ni ban iya ba, ko na iya ma ido ya tafi. Labarin gida ka tambayi wanda ya kawo maka takarda, ba shi ya zaunar da ni ba.

Ga maganar da ta fi kowace nauyi, na sa ta a gaba don kada mai karanta maka ya gaji kafin ya iso ta. In gini ya kai ku ga jan yumɓu mai tauri, wajen zurfin gaba goma sha uku ko sha huɗu, ku tsaya. Kada dagin kowa ya fasa shi. A ƙarƙashinsa akwai farin rairayi mai gudu, wanda ke malala yana cinye bango yana rufe mutum. Ƙasar da ka tafi duk haka take, haka na ji daga bakin manya. Ban koya maka yadda ake ƙetare rairayin nan ba. Dalili kuwa, ni ma ban sani ba.

Malam ya ɗaga alƙalami, ina jin shirunsa. Rubuta, Malam, abin da na faɗa ke nan.

Ka tuna ranar da kuka ɗaura wa jakuna kaya a ƙofar gari. Ka durƙusa ka ce, "Baba, yadda ka riƙe aikin nan haka zan riƙe shi." Mutane suka ce madalla da ɗan halak. Ni kuwa na buɗe baki zan yi magana, na ji rabin gari na tsaye a bayana, sai na ce Allah Ya kiyaye hanya. Yau kwana tara ban ci abincin kirki ba. Kada ka riƙe aikin nan yadda na riƙe shi, Isuhu. Ni ne na lalata shi, kuma zan faɗa maka yadda aka yi.

Kai ba ka ga aikin da kyansa ba. A zamanin Baba Arzika, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe sarautar kafin ni, mu goma sha ɗaya ne, kuma babu wanda ya san komai da komai. Wani igiya ya sani, ya murza kaba da yatsa ya gaya maka rani nawa za ta yi. Wani ya san iskar rami, ya san tsohuwar rijiyar da sai an saukar da kaza a kwando an ga ta dawo da rai kafin mutum ya shiga. Wani itace ya sani. Shi Baba Arzika ƙasa ya sani. Abin da ke tara sanin nan wuri guda shi ne yadda muke karɓar sabon hannu, wanda muke kira zaman baki. Duk wanda ya shigo aiki, ko da furfura ya zo, ba ya taɓa dagi, ba ya sauka rami, sai ya zauna a bakin rijiya guda tun daga saran farko har a ga ruwa. Ya ja igiya, ya juye kwando, ya kalla. A haɗa shi da babba guda su ci a ƙwarya ɗaya, duk tambayar da ta taso masa ya yi wa wannan babban.

Kowace gaba aka sauka, sai a ɗebi ƙwarya guda ta ƙasar a zuba gefe, tuli bayan tuli, a jere. In an tashi aiki da la'asar, Baba Arzika ya kira sabon hannu ya bi da shi jeren nan tun daga farko. Ya damƙa, ya shinshina, ya sa a harshe, ya faɗi sunan ƙasar da halinta. In ya yi kuskure ya sha ranƙwashi. Ni na sha shi har kaina ya saba, kuma har yau ina jin ɗanɗanon kanwa na gaba ta tara a rijiyar da na yi zamana. Manya suna zaune kewaye, sai wannan ya ce irin wannan ƙasar muka samu a wuri kaza, ta yi mana kaza, wancan ya ce a'a, ka manta, ba haka aka yi ba. Su yi ta musu har magariba.

A lokacin na ɗauka duk don baƙon ake yi. Sai yanzu da na makance na gane. In tsoho ya buɗe baki don ya fahimtar da baƙo, mu na tsakiya ma muna ji, kuma abin da wani ya manta wani ke tuna masa. Shekarar da ba mu karɓi kowa ba, ba a yin wannan zance, kowa aikinsa yake yi shiru ya tafi gida. Baƙon ne ke sa tsofaffi magana.

Kuskurena na farko tun ina saurayi na yi shi. Akwai Bawa, mai itacenmu. Ba jininmu ba ne, daga yamma ya zo yana neman abinci, Baba Arzika ya zaunar da shi a baki kamar kowa, kuma shi ya karɓi sanin rairayi mai gudu daga wani tsoho da ban tarar ba. In an kai jan yumɓu, Bawa ne ke haɗa ƙawanya ta itacen ƙirya, ya ɗaure da ɓawon kalgo, ya cusa gamba a bayanta, a riƙa saukar da ita a hankali tana riƙe bango ana gina cikinta. Iyakar abin da idona ya gani ke nan. Yadda ake sassaƙa bakin itacen ya ciji ɗan'uwansa, da yadda ake sa ta sauka a miƙe ba ta karkace ba, ban sani ba. Ni mai dagi ne, babu wanda ya kai ni sauri a rami, ina jin kaina kamar ni na haƙa gulbi. Sau biyu Bawa yana kira na.

"Nomau, zo ka riƙe mini nan ka ga yadda ake ɗaure shi."

Na ce, "Yaya Bawa, ni magini ne, ba masaƙin rumbu ba."

Ya yi dariya ya ce, "To, ranar da rairayi ya gaishe ka sai ka gaya masa haka."

Bai ƙara kira na ba, ni kuma ban je ba. Saboda haka, ɗana, kada ka raina aikin kowa a cikin mutanenka, ko mai murza igiya ne. Ka zauna kusa da shi ka koya ko kaɗan ne. Kuma duk sanin da ka ga yana cikin kai ɗaya, ka ɗauka rabinsa ya riga ya ɓata, ka yi maza ka sa masa na biyu da na uku.

Kuskure na biyu shi ne babba. Da Baba Arzika ya rasu aka ba ni sarautar, sai aiki ya yi mana yawa. Mutane na sarar daji suna kafa tungaye, kowane maigari na aiko goro. Na dubi zaman baki na ga ɓarna: ƙato ya zauna wata biyu yana cin hatsinmu bai tsaga ƙasa ko taƙi ɗaya ba. Na mai da shi kwana bakwai. Bawa ya yi magana, na ce ai hannu ke koyon aiki, ba gindi ba. Daga baya bakwai ɗin ma na ga ta yi yawa. Jeren ƙasa kuwa aka ci gaba da zubawa don sabo, amma babu mai bin sa da la'asar, awaki ke tattake shi.

A wani ƙauye gabas da Korgom muka karɓi aiki, maigari na so a ga ruwa kafin bazara. Na ɗauki sababbin hannu huɗu a rana ɗaya. Cikinsu akwai Tanko, magidanci mai 'ya'ya uku, fara ta cinye masa gona ya fito neman abin kai wa gida. Mutum ne mai ƙarfi, mai son sani. Ranar farko ya tsaya kan tulin ƙasar nan ya ce, "Sarki, wannan jeren na mene ne?" Ina cikin sauri, raina a ɓace, na ce, "Aiki ka zo ko karatu? In karatu ne ga masallaci can." Aka kwashe da dariya. Daga ranar aka laƙaba masa Malam Tanko, kowa ya gan shi sai ya ce Malam, yau babu tambaya? Shi ma ya riƙa dariya tare da su, amma bai ƙara tambayar komai ba. Ran kwana na uku na saukar da shi rami.

Ka ji wannan da kyau. Wanda aka yi wa dariya a tambayar farko ba zai yi ta biyu ba, ta biyun kuwa mai yiwuwa ita ce ta ransa. Ana cewa matambayi ba ya ɓata, amma sai in akwai mai amsa masa. In sabon hannu ya tambaye ka abin da ko jaki ya sani, ka ajiye abin da ke hannunka ka amsa. Wanda ya yi masa dariya cikin tsofaffin hannu, shi za ka tsawata wa a gaban kowa.

Muka kai jan yumɓu ranar wata Laraba. Na san ka'ida, ba a fasa shi sai ƙawanya ta haɗu. Na tura Bawa daji saran ƙirya shi da mataimakinsa, na ce wa na rami su daidaita bango kawai, ni kuma na tafi gidan maigari cin tuwon da ya kira ni. Ban ce kada a fasa ba. A raina kowa ya san wannan, don a zamanin Baba Arzika kowa ya sani. Tanko ne a ƙasa. Ya gama daidaita bango, ya ga rana da saura, ya ce bari ya rage mana aiki. Ya fasa yumɓun, ya ga farin rairayi mai sanyi mai danshi, ya zaci ruwa ya kusa. Ya cika kwando ya aiko sama da murna. Wanda ya karɓi kwandon shi ma sabo ne, ya juye gefe ya mayar masa. Kwando uku suka fito haka.

Ina dawowa, Bawa na isowa da itace a ka. Idonsa ya faɗa kan farin tulin nan. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Ya yar da itacen, ya leƙa, ya ga rairayi ya riga ya kama Tanko har ƙugu. Ko kallona bai yi ba. Ya ɗaura igiya a ƙirji, ya ɗauki guntayen ƙirya biyu, ya miƙa wa mataimakinsa bakin igiyar ya sauka. Muna jin muryarsa yana ce wa Tanko, "Kada ka motsa, ƙanena, kada ka motsa." Sai muka ji wani sauti kamar ana juye hatsi a rumbu. Igiya ta yi nauyi, mu shida muka ja har ta tsinke.

Kwana biyu muna ƙoƙari, abin da muka kwashe sai ninkinsa ya zubo. A ƙarshe liman ya yi musu salla a bakin ramin, aka cike shi. Matar Tanko ta zo daga garinsu da goyo, ta zauna kan ƙasar ta ƙi tashi har aka ɗauke ta. Ban iya zuwa na yi mata gaisuwa ba, aike na yi.

Ba mutum biyu kaɗai muka binne a wurin ba. Duk abin da ke kan Bawa, da abin da tsohon da ya koya masa ya sani, da na wanda ya koya wa tsohon, sun tafi a yini ɗaya saboda ina ƙyashin hatsin wata biyu. Gaggawa aikin Shaiɗan ce, na sha jin haka tun ina yaro, ban san da ni ake ba. Kada ka taɓa cewa ai kowa ya sani. Abin da ba ka faɗa da bakinka ga mutum ba, ka ɗauka bai sani ba, ko da sau ɗari ka faɗa wa na jiya.

Na ce duk sanin ya tafi, amma ba gaskiya ba ne, kuma nan ne kuskure na uku, wanda ya fi sauran muni don da gangan na yi shi. Mataimakin nan na Bawa sunansa Buba, Bafillace ne, mahara suka kore masa shanu ya shigo aikinmu da sandarsa kawai. Ni igiya na sa shi ja, na ce baƙo raɓa ne, gobe in ya sami saniya biyu zai bi daji. Kuma ina ganin sanin gidanmu bai kamata ya fita ga wanda ba ɗan gado ba, na manta shi kansa Bawa daga ina ya zo. Bawa bai bi ta tawa ba. Ya jawo Buba jikinsa, suna ci a ƙwarya ɗaya, rani biyu yana nuna masa itace. Shi kaɗai cikinmu ya ci gaba da yin abin da Baba Arzika ya bari.

Da rairayi ya rufe su, a yinin farko, Buba ya zo ya tsuguna gabana hannuwansa duk jini, igiya ta yanke shi.

Ya ce, "Sarki, itacen na nan. Ka ba ni mutum uku da kwana biyu in haɗa ƙawanya. Ba za mu same su da rai ba, amma za mu fito da su a yi musu sutura."

Mutanen ƙauye na tsaye, maigari na tsaye, kowa na neman wanda zai ɗora wa laifi, ni kuma na san wanda ya cancanta. Sai na ji bakina na cewa, "Kai da igiya ta kuɓuce maka, kai za ka koya mini rijiya?" Igiya ba ta kuɓuce masa ba, Isuhu. Ina kusa da shi, na ga yadda ya riƙe ta har ta ci namansa. Amma magana ta riga ta fita, kuma ta yi wa kowa daɗi, tunda baƙo ne ba shi da dangi a wurin. Aka fara zaginsa, wani ya jefe shi da hoge.

Ya miƙe ya dube ni ya ce, "Allah Ya gani, Sarki." Ya ɗauki sandarsa da gatarin Bawa ya bi hanya.

Rijiya ta bayar, guga ya hana. Allah Ya bar mana sanin nan a kan mutum guda, ni na kore shi da hannuna don in tsira da rawanina. In wani abu ya lalace a aikinka, ɗana, ka fara duba abin da kai ba ka koyar ba kafin ka dubi hannun wani. Kuma kada ka tambayi sabon hannu ɗan wane ne. Sana'ar nan ba a jini take tafiya ba, a baki da kunne take tafiya, wanda ya zauna ya saurara shi ne ɗan gado.

Saura na huɗu, wanda kai ma ka sha daga cikinsa. Bayan wannan, shekara ashirin, duk inda muka gina muka kai jan yumɓu irin wancan, sai in sauka da kaina, in daɗe, in fito ina girgiza kai in ce wurin yana da masu shi, iskoki sun ƙi. Mu kwashe kaya mu tafi inda marmara take, inda na iya. Mutane suka riƙa cewa Nomau yana gani har hanji, ana girmama ni a kan abin da ya kamata a tofa mini yawu. Ka tuna ƙauyen nan na kudu da garin da ake kira Sarkin Hausa, kana wurin, inda wata tsohuwa ta jawo baƙar akuyarta ta ce, "Sarki, in jini suke so ga tawa, ita ke nan gare ni." Muka yanka, muka ci, washegari na ce sun ƙi karɓa. Bayan shekara biyu na bi ta wurin, babu kowa sai kangaye, sun watse saboda nisan ruwa. Babu wani iska a ramin nan. Ni ne ban iya ba, kuma na kasa faɗa.

Tsofaffin hannu da suka san gaskiya suka yi shiru don kunyata, suka mutu ɗaya bayan ɗaya, kowa da abin da ke kansa, tunda na kashe zaman da ake juye shi. Mai igiya ya tafi, mai sanin iskar rami ya tafi. Abin da na miƙa maka bai kai rabin abin da aka miƙa mini ba, kuma na haɗa maka da ƙarya. Da kai matsoraci ne da hankalina ya kwanta. Amma na ji ka da kunnena kana ce wa abokanka in iskoki ne Ayatul Kursiyyu ta ishe su, kai ba za ka bar rami a rabi ba. Ka yi gaskiya a kan iskoki. Rairayi kuwa ba ya jin karatu, kuma wannan jarumtar taka ce ke hana ni cin abinci.

Yanzu ga abin da nake so ka yi. An ce maigarin tungar ya ba ka mutum shida, yawancinsu masu kiwo ne da ciwon dabbobi ya ƙare musu shanu. Kada ko ɗaya ya sauka rami a rijiyar nan. Ka zaunar da su a baki har a ga ruwa. Ka haɗa kowanne da tsohon hannu guda su ci tare. Ka jera ƙasa, ka kare ta da ƙaya saboda awaki, ka bi jeren da su kowace la'asar, abin da ka sani ka faɗa, wanda ba ka sani ba ka ce ban sani ba. Ka tambaye su su ma, don mutumin da ya yi shekara talatin yana bin shanu ya san inda ciyawa ke daɗewa kore, ya san rijiyoyin da kai ba ka taɓa gani ba da yadda suka mutu. Maigari zai matsa maka, zai ce mata na tafiyar rabin yini ɗibar ruwa, kuma gaskiya ne, da tausayi. Tsofaffin hannunka ma za su yi gunaguni su ce suna gumi wasu na zaune, don a hannuna suka tashi. Ka jure. Ka sa a karanta musu takardar nan dukansu, sababbi da tsofaffi, kada ka ɓoye ko layi ɗaya don kare sunana.

In kun kai jan yumɓu, ka rufe bakin ramin da itace da ƙaya, ka sa mai gadi, ka hau jaki ka nufi garin Sarkin Hausa. Ka tambayi masu kiwo mashekarin Buba mai rijiya, wato inda ya yi zango. Yana raye, ko dai yana raye bara. Labarinsa ya daɗe yana iso ni ina toshe kunne. An ce a dajin can akwai rijiya uku da suka ratsa farin rairayi suna tsaye har yau, shi ya gina su. An ce yana da mutum biyar, kuma ba ya barin sabo ya taɓa dagi sai ya zauna a baki, yana jera musu ƙasa tuli-tuli. Ranar da na ji wannan na shiga ɗaki na yi kuka. Abin gidanmu yana can wurin wanda na sa aka jefa.

Kada ka je masa a matsayin sarkin magina. Ka tuɓe takalmi tun daga nesa, ka kira shi Baffa, ka faɗi sunan ubanka tun kafin ya tambaya. Ka bari mutanensa su taru, sannan ka ce Nomau ya aiko ka ka faɗa a gabansu cewa igiya ba ta kuɓuce wa Buba ba, Nomau ne ya saukar da mutumin da bai koya wa komai ba, kuma ya yi ƙarya. Kada ka roƙa mini gafara, wannan tsakanina da shi ne da Allah. Ka roƙe shi ya zaunar da kai a baki kamar kowane sabon hannu, kai da mutum biyu cikin naka, ko rani guda zai ɗauka. In ya ce ka ja igiya ka ja, in ya ranƙwashe ka ka gode.

Mai yiwuwa ya ƙi, kuma bai yi laifi ba. Mai yiwuwa ka tarar ƙasa ta rufe shi, to sai ka durƙusa wa waɗanda ya koyar. In duk ba ta yiwu ba, ka koma tungar ka tsaya gaban maigari da jama'arsa ka ce, gidan Nomau ba su san yadda ake wuce wannan rairayi ba, ku nemi wanda ya sani. Za su yi maka dariya, za a yi mana waƙa a kasuwa, wataƙila ba a ƙara aiko mana goro ba. Na yarda. Na fi son ka shigo gidan nan ana nuna ka da baki da a zo a ce mini liman ya yi maka salla a bakin rami.

Malam ya tambaye ni ko ya riƙe abin da ya ji a cikinsa. Na ce a'a. Ranar Juma'a za a ja ni zuwa ƙofar masallaci in faɗa da bakina, don kada ka zama kai kaɗai ke ɗauke da kunyar da ba kai ka jawo ba. 'Ya'yan Tanko sun girma, babban yana zuwa kasuwarmu, na sa a kira mini shi ya tsaya a gaba.

Allah Ya jiƙan Baba Arzika, Ya jiƙan Bawa da Tanko, Ya sa ramin nan ya zame musu dausayi. Allah Ya tausasa zuciyar Buba a kanka. Allah Ya riƙe bangon duk ramin da za ka shiga, Ya ƙarfafa igiyarka da hannun mai riƙe maka ita, Ya fito da kai da mutanenka ku cika lissafi kowace la'asar. Innarka na gaishe ka, ba ta san abin da ke cikin takardar nan ba tukuna, yau zan gaya mata. In kana da sauran biyayya gare ni bayan abin da ka ji, ka yi mini ita a wuri ɗaya, ka tsaya a jan yumɓu.

Wassalam. Mahaifinka, Nomau.